Azumin da Maharba Suka Rataye Kwari da Baka

Mukayyif ɗinmu ya mutu ranar da aka ɗauki azumi. Haka ake ce wa na'urar sanyaya ɗaki a nan Makka, kuma duk wanda ya zauna a Tandabawi ya san in ta tsaya, haƙurin mutanen gida ma tsayawa yake. Gidajen unguwarmu a jikin dutse suke, dutsen kuwa yini yake yana shan rana, sai la'asar ta yi ya fara amayo mana ita ta bango. Mai gyara ya ce bukra, wato gobe, washegari ma ya ce bukra. Jikata Sumayya ta baje a kan tayil ta rufe fuska da jiƙaƙƙen tawul.

"Ya Sitti, zafi marra," in ji ta da Hausarta mai ɗingishi, wato Kaka, zafi ya yi yawa. "Wallahi ba wanda ya taɓa yin azumi irin wannan."

Na dubi firij cike da ruwan Zamzam da sobiya, na jiyo uwarta Hadiza a kicin tana suyar sambusa, tukunyar shurba tana tafasa da nama har da ƙashi. Sai dariya ta kama ni, irin wadda ke zuwa da ɗan haushi. Azumi zagayawa yake, kuma bana ya dawo daidai inda ya same mu a waccan shekarar, cikin bazara. Lokacin wannan Hadizar da ke suya tana goye a bayana, ko nauyin kaza ba ta da shi.

Garinmu Tsaunin Gawo ƙauye ne a bakin Dajin Marke, can ƙasar Hausa. Rabin mazan garin maharba ne, gadon iyaye da kakanni. Da damina su yi noma, in an kai amfani gida su shiga daji. Maigidana, wanda ake wa laƙabi da Tanko, yana cikinsu, kuma ba don nawa ba ne, a harbin barewa ba wanda ya kama ƙafarsa. Ni 'yar manoma ce, sai da na shiga gidansa na koyi zaman matar maharbi. Abu na farko da uwarsa ta koya mini shi ne shiru. In zai fita ba a tambayarsa ina za shi, ba a kiransa daga baya, ba a buga kwano. In kin je itace kika hango shi a laɓe, ki daskare a inda kike har ya gama.

Daminar da ta gabaci wancan azumi ta yi mana gardama. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, ya ɗauke. Muka sake, ya sake ɗaukewa. Geron da ya tsira ya bushe a tsaye kafin ya cika ido, abin da muka zuba a rumbu ko gwiwar mutum bai kai ba. Kafin sanyi ya wuce an fara haɗa tsaki da dusa. Da farko ba mu tsorata sosai ba, don gidan maharbi yana da rumbu na biyu, wato daji. In Tanko ya kawo barewa, mu ci kai da kayan ciki, a ƙyafe sauran a kai kasuwa a musanyo hatsi.

To dajin ma fari bai bar shi ba. Fadamu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ya rage sai Jan Tafki, shi ma ya koma taɓo da ɗan ruwa a tsakiya. Duk wata barewa da gada da ke dajin nan ta dawo sha. Maharbanmu suna da ƙa'ida tun fil azal: ba a harbin dabba a bakin ruwa, ba a harbin mai ciki. Ka bi ta, ka sha rana, in Allah ya ba ka ya ba ka. Amma labari ya kai birni, sai ga waɗansu masu hali sun fara zuwa cikin a-kori-kura da bindigogin bature da fitila mai kashe ido. Su tsaya a bakin tafki su yi ta ɓarin wuta, su cika bayan mota su tafi. Da safe mazanmu su tarar da waɗanda suka gudu da rauni sun mutu a gindin sabara, wasu da 'ya'ya a ciki. In an yi musu magana su zaro takardar izini mai hatimi.

Ana cikin haka malamin daji ya zo a kan babur ya tara mutane a ƙofar gidan mai gari. Ya ce hukuma ta gano barewa tana ƙarewa a Dajin Marke, kuma an ce maharban ƙauye ne suka ƙarar da ita. Saboda haka za a rufe musu dajin, rufewa ta har abada, mai takarda kaɗai zai shiga. Takardar kuwa ba a ba mai adaka, irin bindigar da maƙeranmu ke ƙerawa, balle mai kwari da baka. Ina bayan danga ina ji, raina yana tafasa. Waɗanda suka yi ɓarnar su aka bar wa dajin, mu da muke kwana da yunwa a gefensa mu ne masu laifi.

Sarkin Baka, shugaban maharban yankin, wani tsoho ne siriri da ake ce wa Baba Jatau, ba ya ɗaga murya. Shi ne ya ba da umarni aka busa ƙaho, maharba suka zo daga duk ƙauyukan da ke zagaye da dajin, har da waɗanda ba sa ga-maciji da juna saboda rikicin iyakar farauta. Suka yini a gindin tsamiyar bakin gari. Abin da suka tsayar shi ne su je hedikwatar ƙaramar hukuma su ga babban jami'in gandun daji ido da ido, su gaya masa wanda ke kashe barewa.

A nan suka yi wautar da har yau in na tuna sai na riƙe ciki. Shi maharbi in zai je gaban babba, girmamawa ita ce ya je da cikakkiyar shigarsa, zuwa hannu rabbana raini ne. Don haka kowa ya ɗauko rigar layu, ya ɗaura warki da guru, ya rataya adaka da kwari, ya ja karnukansa, aka sa masu kiɗan komo a gaba. Ni da hannuna na goge wa Tanko bindigarsa da ɗan man gyaɗar da nake tattali. Da suka tashi muka raka su da guɗa har bayan gari, muna cewa ai duk jami'in da ya ga wannan karamci sai ya miƙe tsaye.

Miƙewa kuwa ya yi, ya fice ta ƙofar baya. Ma'aikata suna hango ayari da karnuka, suka ji an saki adaka sama don gaisuwa, sai kowa ya yi ta kansa. Masinja ya danna sakata, masu sayar da abinci suka bar tukwanensu a kan wuta. Kafin Baba Jatau ya gama sallama 'yan sanda sun cika wurin. Aka karɓe bindigogi kaf, aka tsare tsohon har yamma, sannan aka ce su ɓace.

Tanko ya shigo gida kafaɗa ba komai, karensa na biye da shi kai a ƙasa.

"Maigida, ina bindigar?"

"Tana hannun hukuma."

"Har da man gyaɗata?"

Ya wuce ya ɗaure karensa.

"To sannu da farauta," na ce, na ci gaba da tankaɗe.

Na ɗauka magana ta mutu ke nan, ashe Baba Jatau bai haƙura ba. Ana gobe za a duba wata ya sake tara su a gindin tsamiya, mu mata muna tsaye daga gefe.

"An ce mu ne muke kashewa," in ji shi. "To mu daina, kowa ya gani. Sun karɓi bindiga, mu ajiye sauran da hannunmu. Daga yau ba harbi, ba tarko, ba sakin kare, har sai hukuma ta tako ƙafarta ta zo bakin tafkin nan. In barewa ta ci gaba da mutuwa, sai a nemi mai kashe ta. Amma ku sani, ranar da ƙaurin nama ya tashi daga gidan ɗayanmu, mun zama maƙaryata gaba ɗaya, dajin kuma ya tafi ke nan."

A al'adarsu, sai maharbi ya mutu ake kwance tsarkiyar bakansa a rataye bakan. Ranar nan mutane da ransu da lafiyarsu suka kwance da hannunsu, suka rataye a rassan tsamiya, kwari da baka reras. Tsofaffin mata suka yi ta kuka kamar an fitar da gawa. Ni ban yi kuka ba, tunanin abin da zan zuba a tukunya nake yi.

Haka azumi ya shigo mana. Sahur ɗinmu kunun kanwa ne tsararo, in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Da an yi asuba sai gayya, don Baba Jatau ya ce daina kisa kaɗai ba zai isa ba, ruwan ma ƙarewa yake. Maza su shiga tsakiyar tafki da diga da fartanya suna yasa, mu mata mu jera da kwanduna da tasoshi muna kwashe taɓo zuwa gaɓa. Taɓon ga wari ga nauyi, yana tsiyayo miki ta wuya har cikin zane. Kafin hantsi ya ɗaga ƙasa ta fara cin tafin ƙafa, miyau ya ƙafe, harshe ya manne a ganɗa. Sai a tashi, kowa ya nemi inuwa ya zube. Wata rana da azahar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mu fito da tukwane da randuna, sai ya watse ya bar mu da gumi.

La'asar ta mata ce. Mu bazu neman abin buɗa baki, ganyen yaɗiya, aduwa, goriba, da busasshiyar tafasar da aka ɓoye tun kaka. A dafa ganye a matse, a barbaɗa gishiri da ɗan garin ƙuli in akwai. Bayan magariba tuwon dusa da miyar kuka, ba mai, ba daddawa, ba ko ƙashin da za a yaudari harshe da shi. Yanzu in na je Harami na ga an shimfiɗa ledar buɗa baki, mutane suna jan hannunka suna roƙon ka zauna ka ci nasu, nakan tuna yadda nake raba ƙwallon goriba da wuƙa don ya ishi gida. Karnukan farauta a ɗaure suna kuka, haƙarƙarinsu a waje, su ma dusar muke dama musu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yamma in ka tsaya a bayan gari kana hango barewa suna gangarowa sha a ramin da muka haƙa, sun saki jiki tunda ba mai bin su. Nama yana yawo a gabanka da ƙafa huɗu, kai kana taunar ganye.

Nonona ya fara ƙafewa. Hadiza ta tsotsa ta saki ta yi kuka, daga baya kukan ma ta daina, sai dai ta riƙa bi na da ido. Liman ya ce mai shayarwa tana iya ajiye azumi. Na ajiye, amma ban ga bambanci ba, don babu abin da zan ci da ranar. Unguwarzoma ta duba ni ta ce romo nake bukata. Na gaya wa Tanko, ya ce in yi haƙuri, na ce haƙuri ba ya zama nono.

Wata rana da rana tsaka, wajen tsakiyar watan, ina madafa na ji motsi a bayan danga. Na leƙa, sai ga barewa kwance a inda nake zubar da ruwan wanke-wanke, tana lasar danshin ƙasa. Matashiya ce, da raunin harsashi a cinya, irin na mutanen mota. Ta dube ni ko yunƙurawa ba ta yi ba. Gari tsit, kowa yana kwance. Na koma na ɗauko wuƙa, na ɗaure mata ƙafa da ɗankwalina, har na juya ta gabas. A wurinmu mace ba ta yanka in akwai namiji a gida, wannan ne kaɗai ya sa na je na tashe shi.

"Maigida, taso ka yi bisimilla. Allah ya kawo mana har gida."

Ya fito yana murza ido, ya gani, ya tsaya cak.

"Ladi, kwance ta."

"In kwance me? Kai ka harbe ta? Da ƙafarta ta zo."

"Wa zai yarda? In maƙwabci ya ji ƙauri yau, gobe shi ma sai ya samo tasa wadda ta zo da ƙafarta."

"A ɗaki zan dafa, in toshe ƙofa. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

Na kwance goyo na miƙa masa Hadiza. "To riƙe ta. Ji nauyinta, sannan ka gaya mata kai za ka sani."

Ya karɓe ta. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "In na yanka wannan, kin sha romo yau da gobe. In dajin ya tafi, me yarinyar nan za ta ci baɗi, me 'ya'yanta za su ci?" Ya mayar mini da ita, ya sunkuya ya saɓa barewar a wuya, ya nufi tafki da ita cikin ranar nan da azumi a bakinsa. Na bi shi da maganganun da ba zan maimaita su a garin Makka ba. Na tsane shi a ranar, tsana ta gaske, kuma ko yanzu aka mayar da ni bayan dangar nan wuƙar zan sake ɗaukowa. Da yamma ya taka har rugar Fulani ya ba da rigarsa ta zuwa Juma'a, aka riƙa aiko mana da ɗan nonon akuya. Na karɓa, amma ban ƙara yi masa magana ba.

Mutanen mota kuwa ba su fasa zuwa ba. Mazanmu suka fara kwanciya a kan hanya hannu wofi, sai masu motar su zagaye ta cikin gonaki. Wata la'asar da muka koma kwasar taɓo sai muka ji ƙugin inji. Sun zo da wuri ranar, ga kuma garken barewa ya riga ya sauko a ɗaya gaɓar. Maza suka tsaya cirko-cirko, ba abin da ke hannunsu sai fartanya, Baba Jatau kuma ya hana faɗa. Na ga wani mai farar shadda da baƙin tabarau ya miƙe a bayan mota yana saita bindiga. Na ce a raina, ni da 'yata aka hana mu, sai wannan mai tumbin zai ci? Ban san lokacin da na juye taɓon da ke kaina ba, na ɗauki dutse na shiga dukan tasa iya ƙarfina.

Matar maharbi tana buga tasa a gaban dabba! Uwar Tanko tana kusa da ni, na ga ta saki baki tana kallona. Sai ita ma ta juye tata. Kafin ka ce kwabo duk matan sun ɗauka, ga guɗa ga ihu, barewa suka zabura suka shige daji.

Mutumin ya diro yana huci. "Ke! Kin san ko ni wane ne? Ina da takarda!"

"To Alhaji, sai ka bi su ka nuna musu," na ce. "Ni tasata nake kaɗewa, taɓo ya kama ta."

Daga ranar muka raba aikin unguwa-unguwa. Kullum akwai mata a kusa da tafki da tasoshi da tsofaffin garewani, da an ji inji sai kiɗa ya tashi. Masu motar suka yi ta komawa bayan mota wayam. Su da kansu suka kai ƙara cewa ƙauyawa suna hana masu izini farauta. Abin da rigar layu da kiɗan komo suka kasa yi, ƙarar masu hali ta yi shi: babban jami'i ya ce zai zo da kansa.

Ya zo cikin goman ƙarshe, da 'yan sanda a mota, da shirin kama mutane. Malam Garba ake ce masa, mai ɗan furfura, leɓensa a bushe irin namu. A gindin tsamiya ya fara tsayawa ya ɗaga kai. Ashe shi ma ɗan ƙauye ne, ya san abin da baka a rataye yake nufi.

"Duk masu waɗannan sun rasu?" in ji shi.

"Tukuna dai, ranka ya daɗe," in ji Baba Jatau. "Mu je ka ga tafkin."

Aka kai shi. Ya ga ramin da tulin taɓon da muka kwashe, aka juye masa kwando guda na kwanson harsashin bature da aka tsinto a gaɓa. Ya dawo gari ya bi gida-gida yana leƙa madafa, har tawa. Ya buɗe tukunyata ya ga ganye, ya rufe a hankali ya ce in yafe masa. Magariba ta same shi a garin, aka miƙa masa kunu da yaɗiya ya buɗa baki da su, bai yatsine fuska ba.

"Ba ni nake yin doka ba," in ji shi bayan an idar da salla. "Amma abin da na gani zan kai sama, kuma zan tsaya a kansa. Me kuke so?"

"A hana mota da fitila," in ji Baba Jatau. "A bar mana tsaron dajin, mu muka san hanyoyinsa. Sannan a rufe farauta."

"A rufe wa mutanen birni?"

"A rufe wa kowa, har mu. Abin da ya rage ba zai ɗauki harbi ba, ko na kibiya ne. Sai sun hayayyafa, ko shekara nawa za a yi."

Na juya na nemo Tanko a cikin taro. Bai yi mamaki ba, kai kawai ya sunkuyar. Ashe tun ranar da suka rataye baka suka gama wannan shawara, ba wanda ya gaya wa matarsa. Ni ina jiran Salla ta zo in ga ya ɗaura tsarkiya, shi kuwa ya san babu ranar ɗaurawa. Da muka koma gida na karya shirun da nake yi masa.

"Shekara nawa?"

"Ban sani ba."

"Me za mu ci?"

"Abin da manoma ke ci. Ke ba 'yarsu ba ce? Sai ki koya mini."

Muka yi Salla ba nama a duk faɗin garin. Ruwan farko sai bayan wasu makonni ya sauka, da hantsi, ba ma hadarin kirki. Iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai muka ji shi a kan jinka, fat, fat, sannan ya kece. Na fita tsakar gida da Hadiza a kafaɗa na tsaya a ciki har zanena ya jiƙe sharkaf, ta buɗe baki tana lasar ruwan. Kafin kwana biyu Jan Tafki ya cika ya shafe ramin da muka sha wuyar haƙawa. Hukuncin kuwa sai da damina ta yi nisa ya fito, bayan maza sun yi ta zarya hedikwata, wannan karon da farar riga da hula. Aka hana mota da fitila, aka ba maharba tsaron dajin, aka rufe farauta ga kowa. Bindigogi dai ko ɗaya ba a dawo da ita ba.

Tanko ya yi shekaru yana zagaya dajin da gora a hannu. Ya koma noma da kiwon awaki, kuma gaskiya bai taɓa iyawa sosai ba, kunyar gonarsa kullum a karkace take. Kafin a buɗe farautar, sai yayana da ke nan Makka ya samo masa aiki a mayanka, muka taho. Labarin buɗewar a nan ya same mu, a lokacin idonsa ya fara hazo. Barewar da ya saɓa a wuya ita ce ta ƙarshe da hannunsa ya taɓa. Ya ƙare rayuwarsa a garin da ko tattabara ba a kora, yana yanka ragunan alhazai har ƙarfinsa ya ƙare.

Duk lokacin da mutanen yankinmu suka sauka a masaukan Jarwal sai ya sa riga ya tafi. Da an gama gaisawa, kafin ya tambayi wanda ya haihu da wanda ya rasu, tambayarsa ɗaya ce: akwai sawun barewa a bakin Jan Tafki? Nakan ce masa mutum ya zo ɗakin Allah kana tambayarsa kofato. Da ya rasu na ce to na huta da wannan tambaya. Shekarar farko na ƙi zuwa. Ta biyu na tsinci kaina a Jarwal da sandata, ina tambayar baƙi abin da ban taɓa zaton zai dame ni ba.

Makon jiya masu umara suka zo, a cikinsu akwai wani magidanci daga ƙauyen da ke gaba da namu, yana cikin masu tsaron dajin yanzu. Ya ce suna da ƙungiya, duk shekara sai an zauna da su kafin hukuma ta sa ranar buɗewa da ta rufewa, wani lokaci a ji tasu, wani lokaci a yi ta ja har a gaji. Na bar shi ya gama, sannan na yi tambayata.

"Akwai, Hajiya," in ji shi. "Ranar da zan taho ma na bi ta wurin. Har da na ƙanana, sun tattake gaɓar."

Ranar Juma'a na sa mijin Hadiza ya kai ni maƙabarta. A nan mata ba sa shiga, don haka na tsaya a jikin katanga cikin rana, wajen da aka ce mini kabarin Tanko yana ta can ciki. Na yi sallama, na yi masa addu'a, sannan na matsa kusa da bangon.

"Maigida, an ce akwai, har da na ƙanana," na ce. "Maganar romon nan kuwa na yafe maka tuni. Amma ban ce ka kyauta ba."